Poirot ko Strike: wanne za ki fara?

Hajiya, kin tambaya tsakanin Poirot da Strike wanne ya cancanci ki ƙona masa data, tunda duka shirye-shiryen talabijin ɗin biyu labarin mai bincike ne mai zaman kansa, kuma daga littattafai aka ɗauko su. Ni dai Poirot zan ce ki fara, musamman da kika ce da yara kuke kallo a falo.

Poirot na tashar ITV ta Burtaniya ne, daga littattafan Agatha Christie. David Suchet ya riƙe rawar Poirot tun 1989 har 2013, kashi 70 cif. Shi Poirot ɗin ɗan Beljiyam ne, tsohon ɗan sanda da Yaƙin Duniya na Farko ya koro zuwa Ingila. Ɗan gajere, gashin baki a murɗe, ga tsantseni da tsafta har ya yi yawa. Yana tsaka da yi wa mutum tambayoyi kan kisa sai ki ga ya miƙa hannu ya daidaita wani ɗan kayan ado da ya karkace a kan tebur. Ba ya guje-guje. Sauraro yake yi, ya bar mutane su zuba, a ƙarshe ya tara kowa a ɗaki guda ya warware zancen dalla-dalla har ya nuna mai laifi. Daɗin abin shi ne kusan duk abin da ya gani an nuna miki, ke ce dai ba ki lura ba. Kowane kashi da labarinsa, kina iya tsinkowa daga ko'ina, sai dai ki bar na ƙarshe, Curtain, ya zama na ƙarshe. Na farko-farkon, inda abokansa Kyaftin Hastings da Sufeto Japp suke, sun fi raha; na baya-bayan sun yi nauyi.

Strike kuwa na BBC ne, ya fara a 2017, daga littattafan da J.K. Rowling ta rubuta da sunan Robert Galbraith. Cormoran Strike tsohon ɗan sandan soja ne da ya rasa ƙafa a Afganistan. Farkon haɗuwarki da shi bashi ya yi masa katutu, a ofishinsa na titin Denmark a Landan yake kwana kan gadon tafi-da-gidanka. Nan Robin Ellacott ta zo masa a matsayin sakatariyar wucin gadi, ashe ita ma binciken ne a jininta. Tom Burke da Holliday Grainger ne suka fito a matsayin Strike da Robin, kuma tsakanin su biyun nan ne ainihin zaren labarin, shi ya sa ba a yi masa tsallake. Wanda ya fara daga tsakiya zai gane wa ya yi kisa, amma ba zai gane me ya sa Robin ta yi shiru a wani wuri ba.

A gaskiya Strike ya fi nuna wahalar aikin: bin sawun mutum cikin sanyi, hawa bene da ƙafar roba tana gurzar dungu, lissafin kuɗin haya. Sai dai akwai shaye-shaye, ga baƙar magana, ga jini. A Career of Evil, ɗaya daga cikin labaransa, ƙafar mace ce aka yanke aka aiko wa Robin cikin kwali. Wannan sai yara sun yi barci.