Kafin ka sayi kayan ɗaukar hoton ƙwari, fara duba tazara

A bayan gidanmu nan ƙasar Ringim akwai ɗan lambu: kuɓewa, yakuwa, wake kunya biyu, sai kabewa da ta haye danga. Da damina, da zarar gari ya waye furen kabewa ya buɗe, za ka ga ƙudan zuma ya kutsa ciki ya fito jikinsa duk ya yi rawaya. Son in kama wannan a hoto ne ya sa na kashe kuɗi har sau uku kafin na gane abin da ya kamata in fara tambaya: idan hoton ya fito tar, santimita nawa ne tsakanina da ƙwaron?

Wayoyi da yawa suna zuwa da ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, mai megafiksel 2. Sai ka matsa kusan santimita 4 take gani, hoton kuma da ka buɗe shi ya dagule. Kada ka canza waya saboda ita.

Gilashin da ake maƙala wa waya ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Matsalarsa dai tazara. Na farkon da na saya sai na kusa taɓa ganye, inuwar hannuna ta rufe komai. Ga darɓa da ta lulluɓe ƙarƙashin ganyen wake babu laifi, don ba ta gudu. Da shi na ɗauki tururuwa tana shafa bayan darɓa tana lasar ɗigon zaƙin da take fitarwa. Amma malam buɗe littafi ko zanzaro ba za su tsaya maka ba.

Idan kana da babbar kyamara mai canjin gilashi irin Canon 600D ko Nikon D3200, to a nan zaɓi ya yi faɗi. Akwai zobba marasa gilashi da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta. Suna da araha, sai dai suna cin haske, kuma idan ka sayi wanda ba shi da mahaɗin lantarki, a kan Canon ba za ka iya tsuke ƙofar haske ba, sai ido ɗaya na ƙwaro ya fito, sauran jiki ya ɓace. Ni na fi son Raynox DCR-250, wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ana ɗana shi a bakin gilashi mai faɗin milimita 52 zuwa 67, yana ba ka tazarar kusan santimita 12, ka cire shi cikin daƙiƙa idan tsuntsu ya sauka. Ya fi yin kyau a kan dogon gilashi mai jawo nesa, ba ɗan gajeren 18-55mm da ke zuwa da kyamara ba.

Gilashin makro na ainihi, kamar Tamron 90mm ko Canon 100mm, shi ne gaba da su duka: yana sauke ƙwaro da girmansa na zahiri a kan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, kana tsaye nesa kaɗan ba ka tsorata shi ba. Tsada ce kawai. Wanda bai yi damina ɗaya yana tsugunne a lambu ba, ban ba shi shawarar ya fara da shi ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka ware kuɗin haske. Filas kai tsaye yana sa bayan ƙwaro ya yi ƙyalli kamar an shafa mai; farar takarda da ka lanƙwasa a gabansa ta isa ta tausasa shi.

Ranar da za ka shiga Kano saye, ko Farm Centre ko titin Beirut, ka sa ƙwayar wake a aljihu. Ajiye ta kan teburin mai shago, ɗauke ta hoto, ka duba ko yatsu nawa suka shiga tsakaninta da gilashin. In gilashin na hannu ne, haska fitilar waya ta cikinsa ka nemi ƙura da fumfuna kafin a fara ciniki.