Sharhi: Ryzen 5 3600 da GTX 1660 Super a hannun mai fara haƙar kirifto a Sakkwato

Mai son fara haƙar ƙananan kuɗaɗen kirifto a garin nan, ya fara tambayar wat nawa inji ke ci tun kafin ya tambayi saurinsa. Wutar da inji ya sha zafi take komawa, kuma ɗakin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya buƙatar ƙarin murhu. Da wannan ma'auni muka gwada haɗin da ke ƙasa, muka kuma same shi ya fi dacewa da ɗan koyo: furosesa Ryzen 5 3600, madabod B450, RAM guda biyu masu gig 8 kowanne, katin girafik GTX 1660 Super, ƙaramin SSD, da fawa-sufulai mai wat 550 zuwa 650 mai tambarin 80 Plus Bronze. Duka ana samun na hannu, ko daga dillalan Kano ko daga Computer Village da ke Ikeja.

Wannan haƙar ba ita ce ta dangwalen waya da aka yi yayi a 2024 ba. A nan inji ne ke yin lissafi dare da rana, ana biyansa gwargwadon aikinsa. Kuma tun da Ethereum ta daina amfani da masu haƙa a ranar 15 ga Satumba, 2022, ribar katin girafik ta faɗi ƙasa warwas. Wanda ya shigo, ya shigo don koyo da sha'awa.

Furosesan shi ne abin da ya fi burge mu. Kuɗin kirifto mai suna Monero ake haƙa da shi. Tun ƙarshen Nuwamba 2019 Monero ta koma tsarin haƙa na RandomX, wanda aka gina domin furosesan kwamfutar gida. Kowane zaren aiki yana son meg 2 na L3, wato ma'ajiyar cikin furosesa, shi kuwa Ryzen 5 3600 yana da meg 32 da zare 12, saboda haka duk zarensa na aiki babu cunkoso. Da manhajar haƙa ta XMRig yana ba da tsakanin hash (ma'aunin saurin haƙa) 6,000 zuwa 7,000 a daƙiƙa, in an daidaita shi. Daidaitawar nan ce ke raba mutane. RAM ya zama guda biyu a ramukan da littafin madabod ya nuna, galibi na biyu da na huɗu, domin guda ɗaya mai gig 16 yana rage sauri. A shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a kunna saitin XMP don RAM ɗin ya yi gudunsa na 3200. A buɗe XMRig da izinin mai kula da kwamfuta, sannan a sake kunna injin sau ɗaya, domin manyan shafukan ma'ajiya su kama. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga saurinsa ya ragu sosai, ya ɗauka an sayar masa da jabu alhali saiti ne. Manhajar tsaro ta Windows takan kama XMRig ta goge, saboda ɓarayi na ɗora ta a kwamfutocin mutane a ɓoye. A sauke ta daga shafinta na asali a GitHub kaɗai, kada a karɓi wadda aka turo a zauren WhatsApp ko Telegram.

Ga lissafin abin da zai shigo. Monero na fitar da XMR 0.6 (XMR shi ne gajeren sunan kuɗin) a kowane bulo, wato kundin cinikayya da aka haƙo, bulo ɗaya duk minti biyu, wato XMR 432 a rana ga masu haƙa na duniya baki ɗaya. In muka ɗauka ƙarfin duniya, wato na masu haƙa duka, hash biliyan 4 ne a daƙiƙa, naka kuma 7,000, rabonka bai kai XMR 0.0008 a rana ba, kusan 0.023 a wata. Duba ƙarfin duniya na ranar da farashin ranar, ka buga da kanka. Sayarwa ma sai an yi shiri, domin Binance ta cire Monero daga kasuwarta a Fabrairun 2024. Ka san inda za ka canza kafin ka tara.

Inda wannan furosesa ya gaza a wurinmu shi ne fankar da ke zuwa cikin kwalinsa. Ƙarama ce, an yi ta don aikin ofis a ƙasa mai sanyi. Iyakar zafinsa digiri 95, kuma da bazara da rana tsaka yana doso wurin, sai ya rage gudu don ya kare kansa. Magani biyu ne: a sa fanka mai tsayi mai bututun tagulla huɗu, a kuma kunna yanayin tsimin wuta na Eco a BIOS, wanda ke mayar da shi daga ajin wat 65 zuwa na 45. Saurin da ake rasawa kaɗan ne in aka kwatanta da zafin da ya sauka.

Wannan furosesa ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da kati. Shi ya sa GTX 1660 Super ya shigo, ya zama jifa ɗaya tsuntsu biyu. An rubuta masa wat 125, amma da manhajar MSI Afterburner ana rage masa iyakar wuta zuwa wajen kashi 65 ko 70 cikin ɗari, ya riƙa aiki da wat 80 zuwa 90. Lokacin da muka gwada shi, ya haƙi kuɗaɗen Ravencoin da Ergo. Mun fi son Ergo a lokacin zafi, domin tsarin KawPow na Ravencoin yana gasa kati sosai. Akwai kuma wata matsala: fayil ɗin da Ravencoin ke ɗorawa a ma'ajiyar kati yana ƙaruwa da kusan rabin gig a shekara. Ya riga ya kori kati masu gig 4, masu gig 6 irin wannan ma suna kan hanya. Ethereum Classic kuwa manyan injuna sun mamaye ta.

Za a yi maka tayin RX 580 mai gig 8 da farashi mai sauƙi. Katin kirki ne a zamaninsa, na 2017, amma wat 185 aka rubuta masa, kuma yawancin waɗanda ke yawo sun sha wahalar haƙa shekaru. Akwai kuma samfurin 2048SP da ake sayarwa da sunansa, alhali ƙarfinsa na RX 570 ne. Buɗe manhajar GPU-Z a gaban mai kaya: na ainihi zai nuna 2304 a gurbin Shaders, ba 2048 ba. Ko wane kati ne, a sa masa aiki mai nauyi na minti talatin a shago. In hoto ya fara yayyafin ɗigo-ɗigo, ko fanka na kukan gurnani, a bar shi nan. In an saya, a canza masa man sanyaya na kan cif, domin na tsohon kati ya bushe kamar ƙasa.

Injunan ASIC kuwa, waɗanda aka ƙera don haƙa kaɗai, ba ma ba ɗan koyo shawarar su a Sakkwato. Antminer L3+ da ke haƙar Litecoin tare da Dogecoin yana araha yanzu, amma wat 800 yake sha, wato yunit 19.2 a rana, 576 a wata. Da farashin Naira 225 kan yunit da hukumar NERC ta sa wa layin Band A a Afrilun 2024, kuɗin wutarsa Naira 129,600 ne a wata. Ƙararsa kuma ba ta barin mutanen gida su yi barci. Kwatanta da namu haɗin: in furosesa kaɗai ke aiki, ko kati kaɗai, wajen wat 130 ake ja daga bango, yunit 3 da ɗoriya a rana, kusan Naira 21,000 a wata da wancan farashi. Ko wannan ɗin ma sau da yawa ya fi abin da aka haƙo. Janareta kuwa kada ma a kawo zancensa, kuɗin fetur ɗin ya cinye komai.

Abin da Allah ya hore mana a nan rana ce. Wanda ke da sola a gida, batirinsa ya cika da hantsi, ragowar wutar zubewa take a banza har la'asar. Nan ne haƙar ke da ma'ana: a kunna daga ƙarfe tara zuwa huɗu, a kashe. Kwana a kan batir asara ce. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, kuma na ruwa ba a so a wuce rabinsa, wato awa takwas ke nan a wat 130 bayan an cire abin da inbata ke ci. Yin haka kullum yana kashe batir da wuri, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin abin da aka samu. Inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta (pure sine wave), domin masu arha suna sa fawa-sufulai na zamani ƙara ko mutuwa nan take.

A fawa-sufulai kada a yi ƙwauro. Marar suna mai nauyin takarda, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi shi da madabod za su tafi tare. Kada kuma a ba kati wuta ta mahaɗin SATA: ƙarfinsa wat 54 ne, kati na jan fiye da haka, sai roba ta narke, gobara ke nan. A yi amfani da igiyar PCIe mai fil 8 kai tsaye. Mai amfani da wutar layi ya sa sitabilaiza, ya kuma kunna saitin BIOS da ke tayar da injin da kansa idan wuta ta dawo.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu na taimakon inji, amma hazo na cika haƙarƙarin fanka har iska ta daina wucewa. Injin da aka bari a buɗe yana kwasar ƙura fiye da wanda ke cikin akwati mai raga a gaba. A ɗaga shi daga ƙasa, a ɗora kan tebur nesa da taga. Duk mako biyu a kashe, a cire igiya, a hure shi da bulowa, ana riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ƙafarta.

Intanet ba ta da wuya, haƙa ba ta cin data sosai, layin da ba ya yankewa kawai take so. Ɗan koyo ya fara da haƙar taron dangi, inda ake haɗa ƙarfi a raba lada, domin mai haƙa shi kaɗai yakan ajiye rumbun bayanan Monero gaba ɗaya a kwamfutarsa, wanda zai ci sama da gig 200. Kafin a kunna komai, a buɗe walat, wato asusun ajiyar kuɗin, a rubuta kalmomin sirrinsa a takarda da biro, ba a hoton waya ba, a kuma duba mafi ƙarancin abin da rukunin taron dangin ke biya, domin da wannan sauri ana iya yin makonni kafin kuɗin farko ya faɗo.