Warrior: Sharhina Bayan Na Gama Zango Uku

Mu da muka tashi muna biyan kuɗin gidan kallo don finafinan Chanis, sunan Bruce Lee kaɗai ya ishe mu talla. Da wani abokin aikina ya ce min akwai shiri mai dogon zango da aka gina kan labarin da shi Bruce Lee ya rubuta da hannunsa kafin rasuwarsa a 1973, ban tsaya tambaya ba. Cikin mako uku na cinye kashi 30 ɗin duka a waya, galibi bayan sallar isha.

Sunan shirin Warrior. Tashar Cinemax ce ta fara haska shi a 2019, zango na biyu ya fito a 2020, na uku kuma sai 2023. 'Yar Bruce Lee, Shannon Lee, tana cikin masu ɗaukar nauyinsa, Jonathan Tropper ne ya tsara shi. Labarin yana faruwa ne a birnin San Francisco na Amurka a shekarun 1870, ko da yake a Cape Town ta Afirka ta Kudu aka gina unguwar aka ɗauki shirin.

Jarumin, Ah Sahm, wanda Andrew Koji ya fito a matsayinsa, ya sauko daga jirgin ruwa yana neman 'yar'uwarsa. Tun a bakin tasha wasu jami'ai suka wulaƙanta wani bawan Allah ɗan China, shi kuwa ya shiga ya lakaɗa wa jami'an duka. Kafin gari ya waye an miƙa shi ga ƙungiyar daba ta Hop Wei, an yi masa lalas a hannu da ƙarfe mai zafi. Sai ga shi 'yar'uwar da yake nema, Mai Ling, ita ce matar shugaban Long Zii, abokan gabarsu a kasuwar ofiyom.

Faɗan dai ba a magana. Abin da ya burge ni shi ne kowa da salonsa, kuma salon yana nuna halinsa. Young Jun, ɗan shugaban Hop Wei, da wuƙaƙe yake yi, cikin rawar kai irin ta ɗan gata mai son nuna wa uba ya isa. Li Yong, wanda Joe Taslim ɗan Indonesiya ya fito, ba ya ɓarnar motsi ko ɗaya. Leary, jagoran leburori 'yan Ailan, dambe ne zalla, naushi kamar saukar guduma. Kuma ba a yi irin tashi sama da igiya ɗin nan ba. Mutum zai gaji, ya yi haki, fuska ta kumbura. A ƙarshen zango na farko Li Yong ya yi wa Ah Sahm dukan kawo-wuƙa a gaban jama'a, ƙungiyarsa ta watsar da shi, ya koma bin layin leburori da asuba yana jiran a ɗauke shi aikin yini. Nan ne na gyara zama, don na gane ba tatsuniyar jarumin da ba a kayarwa nake kallo ba.

Daga nan kuma tarihin ya fara ci min rai. 'Yan China ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa Amurka, wanda aka kammala a 1869. Da aiki ya ƙare, tattalin arziki ya taɓarɓare, sai suka zama abin tsana. Masu masana'antu suna son su saboda araha, leburori Turawa suna ganin su ne suka ƙwace musu abinci, 'yan siyasa kuma suna hura wutar don ƙuri'a. A 1877 an yi tarzoma a San Francisco aka ƙona shagunan wankin 'yan China, a 1882 kuma majalisar Amurka ta yi dokar hana leburorinsu shiga ƙasar. Shirin bai mai da Leary shaiɗani ba. An nuna mutanensa da yunwa, an nuna attajirin da ke cin ribar rigimar talakawa biyu. Kashin tarzomar da ke zango na biyu, inda gungun mutane suka afka wa unguwar, ƙungiyoyin da ke gaba da juna suka fito kafaɗa da kafaɗa, sai da na ajiye wayar na ɗan numfasa kafin na ci gaba.

Wata dabara da na so: idan 'yan China suna magana a junansu, Turanci tsantsa muke ji, da barkwanci da ashar, alamar harshensu suke yi. Da Bature ya shigo, sai ka ji Turancinsu ya koma na ɗan koyo. Nan take za ka fahimci yadda ake raina hankalin baƙo don kawai harshensa bai faɗa ba.

Inda na ɓata da shirin shi ne tsiraici. Akwai gidan karuwai na Ah Toy a tsakiyar labarin, kuma zango na farko musamman ya cika nuna abin da bai ƙara wa labarin komai ba. Na sha tsallakewa. Wallahi kada ka kunna shi a falo gaban yara ko iyaye. Jinin ma ya yi yawa, ana sara da gatari ba sakayawa. Sannan ɓangaren magajin gari da matarsa yana jan ƙafa, zango na uku kuma ya tara sababbin fuskoki har labarin ya ɗan warwatse.

An dakatar da shirin a ƙarshen 2023 da sauran zare a kwance, wannan ya ƙona min rai sosai. Duk da haka, babban mutum mai son faɗa na gaske, wanda zai iya riƙe yatsansa kusa da maɓallin tsallakewa, ina ba shi shawarar ya daure har kashi na biyar, wanda Ah Sahm da Young Jun suka raka gawa a keken doki suka maƙale a wata mashaya a yankin tsaunukan Sierra Nevada.