Takobin soso, sulke ko takalmi: me za ka fara saya kafin ka shiga wasan LARP?

Duk wanda ya ga hotunan taron ConQuest of Mythodea da ake yi a Jamus, inda dubban mutane ke cika fili da sulke da kwalkwali da tutoci, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya nemi takobi. Kusan kowa da haka yake farawa, kuma a nan ne kuɗin sabon shiga suka fi salwanta. LARP wasa ne da mutum ke zama wani daga cikin mutanen labari, jarumi ko mai magani ko ɗan kasuwa ko ɗan leƙen asiri, ya sa kayansa, ya yi magana da bakinsa, ya yi yaƙi da makamin da ba ya jin wa kowa ciwo. Babu 'yan kallo, babu rubutaccen zance da za a haddace. Kowane taro kuma da tasa dokar a kan abin da za a shigo da shi fili. Don haka kafin ka taɓa aljihu, nemo littafin dokokin wasan da za ka je, ka karanta sashen makamai da na sutura har ƙarshe.

Akwai dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan. Wasan ya taso ne ta hanyoyi daban-daban. A Amurka, ƙungiyar Dagorhir ta fara a 1977 a yankin birnin Washinton, Amtgard kuma ta biyo baya a 1983 a El Paso ta jihar Tekzas, kuma dukansu sun fi karkata ga yaƙi mai sauri da gudu da gumi. A Ingila, Treasure Trap ta buɗe a 1982 a fadar Peckforton, daga nan aka samu salon da ya fi damuwa da labari da kyan gani. Akwai kuma salon ƙasashen arewacin Turai da abin da ya biyo sawunsa, irin College of Wizardry da aka fara a 2014 a fadar Czocha ta Folan, inda za ka kwana uku ko huɗu cikin wasa ba ka buƙaci takobi ko sau ɗaya ba. Makamin da ake yabo a wani filin, a wani filin tun daga bakin ƙofa za a ce ka mayar da shi mota.

Takubban da za ka tarar iri uku ne.

Na farko shi ne mai kauri, wanda 'yan wasa da yawa ke haɗawa da hannunsu: sanda a ciki, ta bututun roba ko ta zaren gilashi, a naɗe ta da soso mai kauri, a rufe da yadi ko salatif mai ƙarfi. Ba shi da kyan gani, gaskiya, ya fi kama da kulki. Amma shi aka yi don filin da ake sara da ƙarfi, yana ɗaukar duka, gyaransa ba wuya, kuma idan an yi masa kai mai laushi yadda doka ta ce, ana iya suka da shi. Idan wasanka irin na Dagorhir ne ko Amtgard, wannan ne naka, kuma tsofaffin 'yan filin za su nuna maka yadda ake haɗa shi a yammaci guda.

Na biyu shi ne na lateks, wanda ya fi yawa a Turai. Sandar zaren gilashi ko ta kabon ce a tsakiya, a manna mata soso mai ƙananan ƙofofi a rufe wanda ba ya shan ruwa, a sassaƙa shi ya fito da siffar takobi, sannan a shafa ruwan roba mai launi shafi bisa shafi, a ƙare da wani shafin da ke hana shi danƙo. Masu yi da kyau suna ƙarfafa kan sandar da yadi mai tauri ko fata, don kada ta huda soson ta leƙo waje. Daga nesa sai ka rantse ƙarfe ne. Ba shi da nauyi, yana da laushi a jiki, kuma shi ne masu duba makamai suka fi sabawa da shi. Kamfanoni irin su Epic Armoury na Denmak da Mytholon na Jamus suna sayar da irinsa da yawa, ban da ƙananan masu sana'a da ke yin ɗaya bayan ɗaya bisa yadda ka ce a yi maka.

Sai dai yana son kulawa. Rana da zafi suna busar da robar ta tsattsage, don haka barinsa a cikin mota a rufe da rana tsaka kisa ne a gare shi. Man da aka samo daga fetur yana cinye shi. Tagulla ma tana ɓata shi idan suka daɗe a haɗe, saboda haka ka duba maɓallan kubenka. Ba a jingina shi a kan tsininsa, ba a dogara shi kamar sanda. Ana goge shi bayan wasa, a fesa masa silikon, a ajiye shi a kwance ko a rataye a inuwa. Yawancin filayen da ke amfani da shi sun hana suka da shi kwata-kwata, domin sandar ciki tana iya ɓullowa, kuma ana so ka janye hannu kafin sara ya sauka, ya zama taɓawa kawai. Wani abin da ake yawan mantawa: akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da lateks, fatarsu ta yi ƙaiƙayi ko ta kumbura, wasu har numfashi ya gagare su. Idan kana cikinsu, kada ka yi wasa da wannan, kuma ka sanar da masu shirya taro.

Na uku shi ne wanda ake zuba sosonsa a cikin mazubi ya fito da siffarsa gaba ɗaya, ba tare da shafin lateks ba. Kamfanin Calimacil na Sherbrooke a Kanada ya yi suna a kansa. Ƙarko shi ne abin sayarwarsa: ba ya tsoron ruwa, ba ya neman feshi, yana jure shekaru ana dukansa, kuma ƙotarsa takan fito da ado mai kyau. Amma irin wannan soso ya fi tauri da nauyi, sanyi kuma yana ƙara taurara shi. Shi ya sa wasu tarukan suke karɓarsa hannu biyu, wasu suke duba shi da tsanani, wasu ma ba sa yarda da shi. Kada ka saye shi sai ka tambayi masu shirya wasanka kai tsaye.

Idan ni aka tambaya, sabon shiga da zai je wasan labari ya sayi na lateks mai sauƙin ƙira, miƙaƙƙe, wanda ba shi da ƙahonni da ƙayoyi. Duk wani tsini na ado wuri ne da zai fara yagewa, kuma takobi marar ado yana shiga hannun soja, ya shiga hannun ɓarawo, ya shiga hannun ɗan sarki, idan ka canja wanda kake takawa. Ka lura da tsawo. A manyan wasannin Birtaniya, inci 42, wato wajen santimita 107, shi ne iyakar makamin hannu ɗaya, abin da ya wuce haka ya koma wani aji da ke neman wata ƙwarewa a takardar ɗan wasa, wato inda ake rubuta abin da wanda kake takawa ya iya. Sababbi suna son su kai wannan iyaka don su riga abokin gaba taɓawa, amma a cikin daji ko a layin da aka matse kafaɗa da kafaɗa, wanda ya ɗan gaza haka ya fi biyayya.

In kana da halin riƙe takobin kafin ka biya, matsa shi da yatsu daga ƙota har tsini. Bai kamata ka ji sandar ciki ta bakin kaifin ba. Ɗan murɗa soson a hankali: idan yana juyawa daban da sandar, gam ya saki, kuma ba zai wuce wurin masu duba makamai ba. Lanƙwasa tsinin kaɗan ka ga ko ya dawo daidai. Kaɗa shi a iska, idan yana lilo kamar bulala, bar shi. Wannan dubawa ta fi zama dole a kan na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, domin fenti sabo yana iya ɓoye soson da ya riga ya mutu. Araha ba ta ado, balle a kan abin da za ka ɗaga a kan fuskar wani.

Garkuwa da baka su jira. Garkuwa tana da girma, tana cin wuri, kuma sai ka yi wasa ka san ko tsayuwar sahun gaba ta dace da kai. Baka kuwa dokarsa ta fi tsanani: filaye da yawa sun tsayar da ƙarfin jansa a nauyin fam 30 idan an ja inci 28, kan kibiya kuma dole ya fi ramin ido faɗi. Kibau suna ɓacewa, ana taka su, ana sake duba kowace kafin a harba.

Sai sulke, inda ido ya fi ruɗuwa. A yawancin dokoki, abin da ka sa yana ƙara yawan saran da za ka ɗauka kafin ka faɗi, amma wasu wasannin suna lissafi da ainihin abin da aka yi shi da shi, wasu kuma da kamanninsa kawai. Wannan bambanci shi zai gaya maka ko akwai amfanin ɗaukar nauyin ƙarfe.

Rigar sulke ta baƙin ƙarfe takan kai kilo 10, wata ta wuce. Tana zuba a jiki da kyau, tana da amon da babu abin da ke kwaikwayonsa, amma tana tsatsa idan ba a shafa mata mai ba, kuma bayan awa shida kafaɗu za su ba ka labari. Ta alminiyam nauyinta wajen kashi ɗaya cikin uku ne na ta ƙarfe, ba ta tsatsa, sai dai tana barin baƙi-baƙi a jikin tufa kuma zobbanta sun fi saurin buɗewa. Ka duba yadda aka rufe zobban. Waɗanda aka haɗa bakinsu kawai sun fi araha, amma suna buɗewa a hammata da kafaɗa, sai ka riƙa yawo da filaya. Waɗanda aka ɗaure kowane da ƙusa sun fi tsada, sun fi ƙarko nesa ba kusa ba. Kowace ka zaɓa, ka ɗaura ɗamara mai faɗi a kanta, ka ɗan saki rigar ta zubo a saman ɗamarar, don ƙugu ya karɓi wani kaso na nauyin.

Fata ta fi sauƙin ɗauka. Wadda aka jeme da ɓawon itace ita ce ke yin tauri ta riƙe siffa, kuma mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ce ke fitowa kamar kayan yaƙi na gaske. Mai laushi irin ta jaka ko kujera riga ce kawai, wasu alƙalan wasa ba za su lissafa maka ita ba. Akwai kuma sulken soso da na roba da ake fentawa su yi kama da ƙarfe. Ba su da nauyi, amma ba sa barin iska ta shiga, gumi yana taruwa a ƙarƙashinsu.

Shawarata a nan ba ta yi wa masu zumuɗi daɗi: ka fara da lifidi kaɗai. Rigar nan mai cushe ita ake sawa a ƙarƙashin kowane sulke, tana hana zobba cizon fata, tana tare sanyin dare, kuma ita kaɗai ma tana mai da mutum soja a ido. Idan daga baya za ka sayi sulke, ka auna ƙirjinka lifidin yana jikinka, in ba haka ba za ka sayi wanda ba zai shiga ba.

Tufafi su ne za ka zauna a cikinsu dare da rana, ko an yi yaƙi ko ba a yi ba. Lilin ya fi dacewa da jiki, yana shan gumi yana bushewa da wuri. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, shi ya sa alkyabbar ulu ta cancanci kuɗinta, da rana sutura, da dare bargo. Auduga ba laifi a lokacin zafi, amma idan ta jiƙe tana daɗewa ba ta bushe ba, tana sa sanyi. Yadin roba mai sheƙi irin na kayan bikin shigar burtu shi ne na ƙarshe a wurina: yana tara zafi, yana yagewa a ɗinki, kuma tartsatsi ɗaya daga wutar sansani ya isa ya narkar da shi ya manne a fata. Riga biyu ta ciki, wando mai sakin jiki da za ka iya durƙusawa da shi, ɗamara da 'yar jakar da za ta ɓoye waya da magani, sun isa fita ta farko. Launuka kuma ka tambayi rukunin da za ka shiga, domin da yawa suna da nasu.

Takalmi ne na fi so ka kashe wa kuɗi, ko da zai sa ka fasa takobin ka ari na wani. Za ka yini a tsaye, ka yi gudu a kan saiwoyi da duwatsu, ka ratsa ciyawa mai raɓa cikin duhu. Takalman da ake ɗinkawa irin na zamanin da suna da kyau a hoto, amma tafinsu na fata sumul yake, yana santsi a laka, kuma ba ya tare idon sawu. Takalmin hawan dutse baƙi ko ruwan ƙasa, marar tambari mai haske, ya fi su amfani, sai ka rufe samansa da naɗin yadi ko fata har ƙwauri, ba wanda zai kula. Ka fara sa shi makonni kafin taron don ya saki, ka tafi da safa ta ulu fiye da yadda kake zaton za ka buƙata. Bororon ƙafa yana iya korar mutum daga fili tun ranar farko.

Tanti kuwa, na zamani da kake da shi ya wadatar. Manyan taruka sukan ware wurin kwana na waje da wasa, inda ba a damu da kamannin tanti ba. Na zanen tamfol mai sanduna, wanda ake kafawa a cikin sansanin labari, yana da nauyi, yana son a shanya shi ya bushe sarai kafin a naɗe don kada ya yi fumfuna, kuma ya fi kyau rukuni su haɗa kuɗi su saya tare.

Kafin ka biya kuɗin komai, rubuta wa masu shirya wasan ka tambaye su ko suna da kayan aro. Da yawa suna ba sababbi makami, kuma wanda ya yarda ya taka dodo ko sojan abokan gaba na 'yan awoyi, su ne ke ba shi abin rufe fuska da makamin da zai riƙe. A nan za ka gwada gajere da dogo, gatari da mashi, ka ji wanda hannunka ya karɓa, sannan ka zaga rumfunan masu sayarwa da ke cikin filin ka riƙe kayan da hannunka kafin ka zaɓa.