Laftop ko ƙaramar kwamfutar tebur: wacce ta dace da kanti?

Alhaji, ka ce za ka sa kwamfuta uku a kantinka na kayan masarufi da ke wajen Wunti a Bauchi, biyu wurin karɓar kuɗi, ɗaya a sito, kana tambaya ko laftop za ka saya ko ta tebur. Kafin a zo kan na'ura, wace irin wuta ce a kantin?

In wutar JED ce, wato kamfanin rarraba lantarki, kawai sai janareta, laftop ta yi gaba. Batirinta zai riƙe ta kafin yaro ya je ya tayar da inji. Ta tebur kuwa ana ɗauke wuta take mutuwa, cinikin da ake tsaka da shigarwa ya bi iska, kuma yawan mutuwar farat ɗaya kan lalata ajiyar manhajar lissafi. Dole sai ka haɗa mata UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, shi kuma batirinsa ba ya shiri da zafin Maris da Afrilu na Bauchi, sai ka ga ya gaji tun kafin lokacinsa.

Amma in kana da sola da inbata, ko kana shirin sawa, ni dai ta tebur zan ce maka, kuma ƙaramar nan nake nufi, ba tsohuwar mai ƙaton akwati ba. Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny, duk girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba, yawancinsu cajar wat 65 suke amfani da ita, daidai da ta laftop, sai ɗan abin da allo zai ƙara. Don ofisoshi aka ƙera su, su wuni a kunne.

Inda suka fi bambanta shi ne ranar da wani abu ya lalace. Mai karɓar kuɗi ya zubar da lemo a kan kibod: in ta tebur ce, ka sayo wani ka jona, a ci gaba da ciniki. In laftop ce, ruwan na iya gangarawa har cikin uwar na'urar, ta tafi wurin mai gyara, layin kwastomomi ya koma kan mutum ɗaya. Haka allo in ya fashe. Ga batir: laftop ɗin da ke jone da caja safe da yamma cikin zafi, batirinta kan kumbura har ya ɗaga murfi. Ga kuma wurin jone-jone. Firintar rasit, na'urar karanta lambar kaya, kibod, linzami, wayar intanet, ƙaramar ta tebur na ɗaukar su duka, alhali laftop da yawa ramin USB biyu ko uku gare su. Ƙurar hunturu ba ta ƙyale kowacce, sai dai ta tebur noti ɗaya za a kwance a hure ta. Batun sata ba sai na faɗa ba, wadda ake naɗewa a sa a jaka ba ɗaya take da wadda aka ɗaure a bayan allo ba.

Ko wacce ka zaɓa, in tokumbo ce, duba zubin injinta, wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in injin na Intel ne, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Lambar da ke biye da “i5-” ke nunawa: i5-8500T zubi na 8 ne, i5-6500T na 6. Kada jin “i5” ko “i7” kawai ya ruɗe ka. Nemi RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiyar bayanai ta zamani) 256GB, ban da tsohon faifai mai juyawa. Ka sa mai sayarwa ya shiga BIOS, wato saitin asali da ake shiga lokacin kunna na'ura, a gabanka, don wasu kan zo da makullin kamfanin da ya yi amfani da su.

Da ni ne, ƙananan na tebur biyu iri ɗaya sak zan sa wurin kuɗi, domin caja da kayan ɗaya su yi wa ɗaya. Sito kuma laftop irin ThinkPad, Latitude ko EliteBook, tunda mai ƙirga kaya yawo yake tsakanin kantoci, kuma ranar da ɗaya ta gaba ta tsaya, ita za a ɗauko ta riƙe wurin.