Gidan gado na ƙasa: gyara da tsohon kayansa ko rushewa a sa bulo?

Malam, ka tambaya ko ka gyara gidan ƙasan nan na mahaifinku ko ka rushe shi ka sa bulo. Kada ka rushe shi. Gyara shi za ka yi, da kayansa.

Ni na ɗanɗana duka biyun a gida ɗaya. Da za mu gyara namu a cikin birnin Zariya, ɓangaren yamma muka baje muka sa bulo da kwano, zaure da soron kakanmu kuwa muka bar wa wani dattijon magini. Ya sauke azarar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ta yana saurare, wadda ta yi amo mai ƙarfi ya jingine ta gefe. Kusan duka suka koma rufi. Ƙasar bangon da ya zube ma bai bari an kwashe ba, ya jiƙa ta, aka tattake ta da ciyawa, ta kwana biyu tana ruɓa, aka sake tubali da ita. Muka ja waya a cikin bututu, muka sa tayil a ƙasa da tagogin gilashi. Yau idan bazara ta tsananta, a soron nan mahaifiyata ke yin azahar har la'asar ba fanka, don bango mai kauri ba ya sakin zafin rana sai dare ya raba.

Bulo dai yana da sauri, kuma ba ya neman yaɓe duk damina. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Kuma kada wani ya ce maka wannan aikin ƙauyanci ne. A Dandaji, jihar Tawa a Nijar, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa na garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Masu zanen gini na duniya har yanzu suna zancensa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tsohuwar azara. Wasu na shafe ta da baƙin mai don su ɓoye ramukan gara, wasu su haɗa maka da ta macen giginya, alhali ta namiji ce mai tauri da nauyi. Ka ɗaga da hannunka, ka kankare gefe da wuƙa kafin ka biya. Haka masu zuwa su ce gidan ya mutu, su saye ƙyauren ƙofofi da azara a banza. Da bai da amfani, me ya kawo su?

Kuskure ɗaya kada ka yi: fulastar siminti a kan bangon ƙasa. Tana riƙe danshi a ciki, gindin bango ya ruɓe, ta ɓanɓare ta faɗo. Ka nemi mai yin makuba, wato shafen bango da ake yi da ɓawon ɗorawa, ka gyara indararo kafin ruwan farko, ka ɗaga gindin bangon da dutse. Bandaki da kicin kaɗai ka yi da bulo, nesa kaɗan da tsohon bango.