Ɗan takara na uku a zaɓen sanatan Amurka: New York ta 1970 da Jojiya ta 2020

Malam, ka tambaya ko ɗan ƙaramar jam'iyya yana iya cin kujerar sanata a Amurka, ko kuwa aikinsa bai wuce raba ƙuri'a ya kayar da wani ba. Duka biyun sun faru. Zan ajiye maka zaɓe biyu kusa da juna, na jihar New York a 1970 da na jihar Jojiya a 2020, domin a ɗaya na ukun ya ci, a ɗaya kuma ko kashi 3 cikin ɗari bai samu ba, amma shi ya fi girgiza ƙasar.

Kafin nan, ka cire tsarinmu daga ranka. A Najeriya kowace jiha an yanka ta mazaɓu uku, ga kujera ɗaya ta Abuja, sanatoci 109 ke nan. A Amurka kowace jiha sanata biyu gare ta komai girmanta ko ƙanƙantarta, jimla 100, wa'adin shekara shida, kuma ilahirin jihar ce take zaɓen kowannensu. Ɗan takara ba shi da damar fakewa a yankin da aka san shi, sai ya nemi ƙuri'a a ko'ina kamar mai neman gwamna. Sannan kowace jiha ita take tsara dokar zaɓenta, kuma wannan ne ya raba zaɓukan nan biyu.

Na New York ya faro ne daga kisan Sanata Robert Kennedy a watan Yunin 1968. Gwamna Nelson Rockefeller, ɗan Rifablikan, ya naɗa Charles Goodell ya ƙarasa wa'adin. Goodell ɗan majalisar wakilai ne daga yammacin jihar, an san shi da matsakaicin ra'ayi. Yana shiga majalisar dattawa sai ya juya wa yaƙin Biyetnam baya, har ya gabatar da ƙudurin a janye sojojin Amurka cikin ƙayyadadden lokaci. Shugaban ƙasa a lokacin Richard Nixon ne, ɗan jam'iyyarsu ɗaya. Ka ga inda rigima ta samo asali. Da 1970 ta zo, Goodell yana riƙe da tikitin Rifablikan, amma fadar shugaban ƙasa ba ta tare da shi, mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ma a bainar jama'a yake caccakarsa.

'Yan Dimokurat suka tsayar da Richard Ottinger, ɗan majalisar wakilai mai hannu da shuni, shi ma ba ya goyon bayan yaƙin. Na ukun shi ne James Buckley, a ƙarƙashin jam'iyyar Conservative ta jihar New York, wato ta masu ra'ayin riƙau. An kafa ta a 1962, kuma waɗanda suka kafa ta 'yan Rifablikan ne da suke ganin su Rockefeller sun yi sassauci da yawa. Buckley ba baƙon fage ba ne. Ya taɓa tsayawa a 1968 ya kara da Sanata Jacob Javits, ya sha kaye, amma ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. Ƙanensa William ma ya nemi kujerar magajin garin New York a 1965 da tutar wannan jam'iyya.

Da aka ƙirga, Buckley ya samu kusan kashi 39, Ottinger kusan 37, Goodell wajen 24. Dokar New York ba ta buƙatar rabin ƙuri'a, wanda ya fi yawa shi ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce. Buckley ya tafi Washington da ratar da ta ɗan haura dubu ɗari, a zaɓen da aka kaɗa ƙuri'a kusan miliyan shida.

Ka duba lissafin da kyau. Ottinger da Goodell, masu adawa da yaƙin, sun haɗa kashi 61 a tsakaninsu. An yi ta kiran Goodell ya janye kada su yi biyu babu, ya ƙi. To wa ya raba ƙuri'a a nan? Sanata mai ci ne, ɗan takarar babbar jam'iyya, shi ya zo na uku, shi ya ɓata wa Ottinger. Ni a ganina wannan shi ne abin da masu kawo misalin Buckley suke tsallakewa. A kan takarda ƙaramar jam'iyya ce ta ci. A zahiri kuwa magoya bayan Rifablikan ne suka bar ɗan takararsu suka bi wanda ya fi kama da su, da yardar shugaban ƙasarsu. Shi ya sa da ya isa majalisa a ɓangaren Rifablikan ya zauna, kuma a 1976 da tikitinsu ya sake neman kujerar.

Yanzu Jojiya. A Nuwamban 2020 Sanata David Perdue na Rifablikan yana neman wa'adi na biyu, Jon Ossoff na Dimokurat, matashi ɗan shekara 33, yana ƙalubalantarsa. Na ukun Shane Hazel ne na jam'iyyar Libertarian, masu cewa gwamnati ta rage haraji ta kuma cire hannu daga harkokin mutane. Tsohon sojan kundumbala ne na rundunar ruwa, ba shi da kuɗin da za a kwatanta da na sauran biyun, ba wani gwamna ko shugaban ƙasa a bayansa. Ba wanda ya sa shi a lissafin nasara.

Perdue ya samu kashi 49.7, Ossoff 47.9, Hazel 2.3, wato ƙuri'a wajen 115,000. Perdue ya ba Ossoff ratar kusan 88,000. Da a New York ne, da an gama magana, Perdue ya koma kujerarsa. Amma a Jojiya doka ta ce sai ka haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, in ba haka ba biyun da ke gaba su koma zagaye na biyu. Abin da ya rage wa Perdue ya kai rabi bai wuce ƙuri'a 13,000 da 'yan kai ba.

Masu kare ƙananan jam'iyyu sukan ce ai ba wanda ya san inda masu zaɓensu za su je in babu su, wasu ma a gida za su zauna. Sau da yawa gaskiya ne, amma a nan hujjar ba ta aiki. Ko da duk mutanen Hazel sun zauna a gida, takarar ta zama ta mutum biyu, Perdue yana gaba da 88,000, ya haura rabi ke nan. Kafin Ossoff ya ci a ranar sai kusan tara cikin goma na masu zaɓen Hazel sun koma wajensa, abin da ba mai hankalin da zai yi tsammani daga mutanen da suka fi kowa ƙin haraji. Saboda haka tsayawar Hazel ce ta hana a rufe zaɓen a Nuwamba. Wannan kam babu ja.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce Hazel ne ya kayar da Perdue. Wata biyu aka ba Perdue ya gyara, aka koma rumfa ranar 5 ga Janairun 2021 babu Hazel a takardar. A tsakanin nan Donald Trump yana ta cewa an yi masa maguɗi a Jojiya, yana faɗa da gwamnan jihar da sakataren da ke kula da zaɓe, dukkansu 'yan jam'iyyarsa. Ka gaya wa mutanenka akwatin zaɓe ba abin yarda ba ne, sannan ka ce su fito su sake jefawa a cikinsa? Perdue kuma ya ƙi halartar muhawarar watan Disamba, Ossoff ya tsaya shi kaɗai a gaban kyamara. Ga batun tallafin korona na dala 2,000 ga kowane mutum, wanda shugaban masu rinjaye na Rifablikan Mitch McConnell ya toshe ana saura kwanaki kaɗan. Da aka ƙirga, ƙuri'un Perdue sun ragu da wajen dubu 250, na Ossoff da wajen dubu 100 kawai. Ossoff ya ci da ratar kusan 55,000.

A rana guda Raphael Warnock na Dimokurat ya kayar da Kelly Loeffler ta Rifablikan a ɗaya kujerar jihar. Majalisar dattawa ta koma 50 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ta zama mai raba gardama, shugabancin majalisa ya koma hannun Dimokurat. Da wannan siririn rinjaye aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala tiriliyan 1.9 a watan Maris na 2021, ƙuri'a 50 da 49. Da Perdue ya ci tun Nuwamba, da McConnell ya ci gaba da riƙe majalisar a farkon mulkin Joe Biden. Buckley da ya ci kujera bai sauya wanda ke riƙe da majalisa ba, domin Dimokurat suna da rinjaye kafin 1970 kuma suka ci gaba da shi.

Sai ka musanya dokokin a ranka ka gani. Da New York tana da zagaye na biyu a 1970, Buckley da Ottinger ne za su koma, kuma ina ganin da wuya Buckley ya kai labari, tunda galibin waɗanda suka tsaya wa Goodell har ƙarshe sun fi kusa da Ottinger a kan batun yaƙin. Hasashena ne, amma 1976 ta ɗan nuna haka: da aka zama mutum biyu, Daniel Patrick Moynihan na Dimokurat ya kayar da Buckley. Da kuma Jojiya tana bin dokar New York, da ba wanda zai tuna sunan Hazel.

Dokar ta Jojiya tana da tarihin da ya kamata ka sani. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe tsohon tsarin jihar da yake fifita ƙuri'ar ƙananan gundumomin karkara a kan ta birane. A shekarar da ta biyo baya aka shigo da sharaɗin haura rabi, kuma ɗan majalisar da ya fi ƙwazo a kansa, Denmark Groover, mai goyon bayan wariyar launin fata ne da yake tsoron baƙaƙe su haɗa kai a kan mutum ɗaya alhali farare sun rarrabu. Shekara 57 bayan haka, ta wannan zagaye na biyun Jojiya ta samu baƙar fata na farko a majalisar dattawa. Jam'iyyun ma sun yi ta wasa da dokar gwargwadon yadda ta cuce su. A 1992 Sanata Wyche Fowler na Dimokurat ya zo na ɗaya da kashi 49, ɗan Libertarian ya hana shi kai rabi, ya faɗi a zagaye na biyu a hannun Paul Coverdell. Sai 'yan Dimokurat suka sauko da sharaɗin zuwa kashi 45, wanda ya ceci Max Cleland a 1996. Da Rifablikan suka karɓi majalisar jihar suka mayar da shi rabi a 2005. Abin da suka mayar da hannunsu shi ya kama Perdue.

In kana neman makamancin wannan a gida, zaɓen 2023 ya ba da shi, kuma ya fi kama da na Buckley. Ireti Kingibe ta Labour ta kayar da Philip Aduda na PDP a kujerar Abuja, wadda ita kaɗai ce a wajenmu ake zaɓa da ƙuri'ar yanki gaba ɗaya. NNPP ta ɗauki kujeru biyu cikin uku na Kano. Sunan jam'iyyar ƙarami ne, amma jama'ar da ke ciki tsofaffin 'yan siyasa ne da suka taso da rundunarsu daga manyan jam'iyyu. Tunda zaɓen sanata a wajenmu mai rinjaye kawai yake nema, babu hanyar da mai kashi 2 zai ja kowa zuwa zagaye na biyu. Bambanci ɗaya kuma, tsarin mulkinmu bai yarda mutum ya tsaya ba jam'iyya ba, a Amurka kuwa an yarda, kuma ta nan aka fi samun nasara: Bernie Sanders na Vermont da Angus King na Maine duk 'yan indifenda ne, ko da yake da Dimokurat suke zama a majalisa.

Akwai salo na uku da ya fito kwanan nan, inda babbar jam'iyyar da ta san ba za ta ci ba take janyewa ta bar wa ɗan indifenda fili. A Utah a 2022 Dimokurat ba su tsayar da kowa ba, suka mara wa Evan McMullin baya, ya samu wajen kashi 43 a kan Sanata Mike Lee. A Nebraska a 2024 ma babu ɗan Dimokurat a takardar, Dan Osborn, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, ya kai kusan kashi 47 a kan Sanata Deb Fischer. Dukkansu sun faɗi, kuma ni ba na kiransu 'yan takara na uku, tunda su ne na biyu.

Shi kuwa Buckley, zamansa na shekara shida bai tafi a banza ba. A Maris ɗin 1974 ya fito ya ce Nixon ya yi murabus saboda abin kunyar Watergate na leƙen asirin ofishin Dimokurat, shi da fadar Nixon ta share wa hanya. Shi ne kuma ya jagoranci ƙarar da ta sa Kotun Ƙoli a 1976 ta yanke cewa ba za a ƙayyade wa ɗan takara abin da zai kashe a kamfe ba, hukuncin da har yau ake jayayya a kansa. Daga baya ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ya rasu a 2023 yana da shekara 100. Hazel ya nemi gwamnan Jojiya a 2022 bai kai kashi 1 ba. Amma a wannan shekara ta 2022 wani ɗan jam'iyyarsa, Chase Oliver, ya samu kashi 2 a zaɓen sanata, ya sake ja Warnock da Herschel Walker na Rifablikan zuwa zagaye na biyu a watan Disamba, Warnock ya ci.